FUSKAR BUBA A BANGON SITO

Shafi na 11

Bismillahi. Jama'ar gidan nan ina gaisuwa. Kwana uku kuna bi na da "ina ci gaba, ina ci gaba" kamar na gudu da akuyar wani. To ga shi nan. Amma mai saurin kuka ya nemi hankici tun yanzu, kada a zo ana zagina a ƙasa.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Shekarar 1957 ce, a Ɗansoshiya. Inuwa ɗalibi ne a makarantar horon malamai a birni. Wani Bature malaminsu ya ba shi aron akwatin ɗaukar hoton majigi da ragowar fim da bai kai minti uku ba, shi kuma ya zo da Babbar Sallah ya ɗauki sharon Buba. Buba kuwa ya wuce aboki. Nono ɗaya suka sha, don uwar Inuwa a kan gwiwa ta rasu, Inna Furera ta can ruga ce ta haɗa shi da nata ɗan ta shayar. Yau wata uku ke nan, an wanko fim daga Turai.

*

"Ka ce min ka kalle shi ko?"

Balarabe mai majigi ne ya yi tambayar, yana zura fim a cikin injin. Motarsa ta zo ne don nuna majigin gwamnati bayan magariba, Inuwa ya yi ta yi masa magiya tun hantsi har ya yarda ya tada injin wuta da azahar, a ɓoye, a cikin siton gyaɗa da ba a fara zuba kaya ba.

"A ina zan kalla, Malam Balarabe? Na dai ɗaga shi a rana, na ga 'yan mutane ƙanana-ƙanana."

"Da ni ne, sai na fara gani ni kaɗai."

"Ai mutane sun riga sun cika."

Sun cika kuwa. Ranar kasuwa ce, labari ya zaga cewa ɗan makaranta zai fito da Fulani a bango. An toshe tagogi da buhuna, an rufe ƙofa da zana biyu. Dattawa a gaba kan tabarma, samari sun jingina da bango da sandunansu, mata masu tallan nono sun jera ƙore a baya. Zafi kamar me, amma ba wanda ya fita.

Inuwa yana ta kai da komo, akwatin ɗaukar hoton rataye a wuyansa. Babu ko taƙin fim a cikinsa, Baturen ya bar masa ne kawai ya koyi saiti lokacin hutu. Don ado ya ratayo shi, Allah na gani. A aljihu kuma ga littafi da fensir, domin malamin cewa ya yi, je ka nuna wa mutanenka, ka rubuto min abin da suka ce.

Buba ne ya shigo a ƙarshe. Ya rame, Inuwa ya lura, amma ya ɗauka wahalar kiwon damina ce.

"Ɗan'uwa, yau za ka ga kanka."

Buba ya yi murmushi. "In na fito da muni, kai ne."

"Ka dai zauna."

"A tsaye zan gani." Ya ɗan yi tari a hankali, ya kau da kai.

Inji ya ɗauka, haske ya faɗa a bango.

Wayyo, ku zo ku ga murna! Ga kasuwarsu, ga tsamiyar bakin hanya, ga shanu suna wucewa ba ƙara ba motsin kofato.

"La'ilaha! Ga ni can!"

"Ke Safara'u, ashe haka kike tafiya?"

"Wallahi bijiminmu ne, ku dubi ƙahon!"

Dariya ta cika sito. Inuwa ya zaro littafi, a ɗan hasken injin ya rubuta: Sun yi dariya, sun gane kansu.

Sai ga filin sharo. Ga Buba tsaye ba riga, hannu a sama, ya riƙe madubi yana kallon fuskarsa yadda ake yi, don mutum ya tabbatar ko girarsa ba ta motsa ba. Ga Hamidu, abokin karawarsa, yana zagaya shi da tsumagiyar tsamiya.

Ta farko ta sauka. Buba ko gezau.

Ta biyu. Murmushi ma ya yi.

Samari suka buga sanduna a ƙasa. Daga baya wata ta rangaɗa guɗa, kowa ya san Halima ce, 'yar Ardo Rufa'i, wadda ranar sharon nan ta ce ita Buba take so, aka tsaida biki bayan yankan dawa.

Daga nan abu ya canza.

Fuskar Buba ta cika bango, tun daga ƙasa har rufi. Komai ya koma a hankali. Tsumagiya ta uku tana tahowa kamar ana jan ta cikin ruwa, tana tahowa, tana tahowa, har ta kwanta a haƙarƙarinsa na hagu.

Idanun Buba suka rufe.

Bakinsa ya karkace, haƙora suka fito. Hannun da ke riƙe da madubi ya fara saukowa wajen haƙarƙarin. Wani ɗigon ruwa ya fito a gefen ido, ya gangaro, kowa yana kallonsa har ya kai haɓa. Can hannun ya koma sama, murmushin ya dawo.

Bango ya yi fari. Wutsiyar fim tana dukan inji, fat, fat, fat.



Balarabe ya kashe inji, ya matso kunnen Inuwa. "Kai yaro, me ka taɓa a jikin akwatin ranar?"

Inuwa ya ce, "Maɓallin gudu. Na ga tsumagiya tana da sauri, na ce bari in ƙure masa gudu don ya kama ta."

"Innalillahi. Ai in akwati ya yi gudu wajen ɗauka, a bango rarrafe hoton yake yi. Ba a koya muku ba?"

"Ba mu zo wurin ba."

Wani ya yaye zana, rana ta shigo. A lokacin ne Hamidu ya saki dariya, irin ta mugunta, har da riƙe ciki.

"Ashe ta shiga! Wata uku ana ce min hannuna ba ƙarfi. Jama'a kun gani? Har da hawaye!"

"Ƙarya ne!" Halima ce ta miƙe daga cikin mata. "Ina wurin, a gabansa nake tsaye. Wallahi bai motsa ba!"

"Zauna," in ji Ardo Rufa'i, ba tare da ya waiwaya ba. Dattijo ne da ba ya ɗaga murya. Ya dubi Inuwa. "Ɗan makaranta, matso."

Inuwa ya zo ya durƙusa. "Allah ya ja zamanin Ardo."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Abin nan da muka gani, akwatinka ne ya ƙaga, ko ya faru?"

"Baffa, abin ba haka yake ba. Ƙiftawar ido ce. Ni ne na yi kuskure, na sa akwatin ya ja ta ta yi tsawo. Duk wanda aka daka, in aka ja hotonsa haka..."

"Ban tambaye ka tsawo ba. Ya faru?"

"Ido ba ya iya ganinsa, Baffa."

"Ya faru?"

Inuwa ya waiga. Buba na nan inda yake, a tsaye, yana kallon farin bango. Ya ce ƙarya akwatin ya yi? To shi ke nan, ya zama ɗan birnin da ya haɗa baki da kayan Nasara ya ƙaga wa ɗan'uwansa sharri. Kuma Ardo ba yaro ba ne.

"Ya faru," ya faɗa, murya can ƙasa.

"To." Ardo ya gyara zama. "Ni ban ga abin kashe kai ba. Idonmu ya shaida ranar, da idonmu muke hukunci tun kakanni. Biki na nan yadda aka sa."

Dattijo ya yi adalci, amma ina! Bakin samari ba ya jin hukunci. Tuni wani dogo a jikin bango ya runtse ido, ya karkace baki, yana sauko da hannu a hankali. Na kusa da shi suka kwashe da dariya. Wani ma ya ɗauka. Kafin ka ce me, mutum huɗu suna yi.

Halima ta ratso har gaban Buba, abin da ba ta taɓa yi a cikin mutane ba.

"Kada ka kula su. Ni na zaɓa, ban fasa ba."

"Na sani." Bai dube ta ba. "Amma a kowace mashaya haka za a riƙa yi min da fuska. In kin haihu, haka za a yi wa ɗanki."

Ya ɗaga murya.

"Hamidu! Tsumagiyarka na nan?"

Dariya ta tsaya.

"Tana nan."

"Ta ukun ce ake magana a kanta. A sake ta. Yau, a bakin tsamiya, a wurin da ta sauka." Sai ya juyo ga Inuwa, ya nuna akwatin da ke wuyansa. "Kai kuma ka zo da wannan. Ka ja shi yadda ka ja wancan, ya fi haka tsawo ma. A kai Turai a wanko, a haska a bangon nan."

Ya fice. Samari suka bi shi da ihu, wasu suka ruga kiran makaɗa.

*

Inuwa na ƙoƙarin bin su aka riƙo rigarsa ta baya. Inna Furera ce. Ta ja shi bayan sito, inda ba kowa sai tarin buhuna.

"Inna, ki yafe min, wallahi ban san..."

"Rufe bakinka ka saurara." Idanunta jajur, amma ba hawaye. "Ɗan'uwanka ba shi da lafiya."

Ba ta kiran sunan Buba. Ɗan fari ne, shekara ashirin da ɗaya ba a taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Tun ranar da ka ɗauki hoton nan. Haƙarƙari biyu ne suka karye. Ni nake gasa masa da ruwan zafi a bayan garke, kada a gani. Na ce mu je wurin mai ɗori, ya ce in labari ya fita gara ya mutu. Sati uku ke nan jini yake tofarwa."

Inuwa ya dafa bango.

"Jini, Inna?"

"In sanda ta sake sauka a wurin nan, gawa za ku kawo min."

"To ki hana shi! Ki je ki faɗa wa Ardo!"

"Ni?" Ta yi wata dariya mara daɗi. "In shiga tsakiyar maza in riƙe ɗan fari, in ce ɗana ba zai iya ba? Abin da akwatinka ya rage masa ni in ƙarasa?"

"Inna..."

"Da bakin nan ka sha nonona, kai a dama shi a hagu. Ban taɓa roƙonka komai ba. Kai ka kawo abin nan garinmu. Ka san yadda za ka yi."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Inuwa ya tsaya. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba. Sai hannunsa ya taɓa akwatin. Akwatin da ba komai a ciki! Buba don hoto zai tsaya. In babu fim, babu dalilin tsayuwa yau. Ko wata biyu aka samu, ƙashi ya haɗe.

Ya zura da gudu.

*

Kafin ya isa an yi da'ira a gindin tsamiya. Kalangu na tashi, kasuwa ta watse ta dawo nan. Buba ya tuɓe riga. Wanda bai sani ba ba zai lura ba, amma Inuwa ya ga yadda gefen hagu ya ɗan kumbura, ya ga yadda yake jan numfashi guntu-guntu.

Ya kutsa tsakiya ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya! A dakata! Babu fim a akwatin nan. Ya ƙare tun ranar Sallah. Sai na koma makaranta na roƙo wani. A bari sai bayan yankan dawa."

Kiɗa ya tsaya. Aka yi ta kallon juna.

Hamidu ya lanƙwasa tsumagiya ya sake ta. "Kun ji ko? Tun safe yake yawo da shi a wuya, yanzu ne ya zama wofi."

"Wallahi gaskiya nake faɗa! Ku bari in buɗe ku gani!"

"Mu ga me? Mu mun san cikin kayan Nasara ne? Ranar kunyata shi akwati na da ido, ranar wanke shi ya makance." Ya juya ga taro. "Ɗan'uwansa ne ke nema masa hanyar gudu. Wa ya sani ko tare suka shirya?"

Dogon nan ya sake runtse ido ya karkace baki. Aka yi dariya, wannan karon har da mutanen gari.

Ni dai na ce, kaico. Yaro ya faɗi gaskiya tsagwaronta, ita ce kuma ta ƙara tsunduma ɗan'uwansa.

Buba ya tako har gabansa. Ya yi ƙasa da murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Na san don ni kake wannan ƙaryar. Na gode. Bari."

"Ba ƙarya ba ce, Buba. Kuma Inna ta faɗa min komai."

Idon Buba ya canza.

"In ka furta shi a nan, babu ni babu kai har gaban Allah."

"Za ka mutu!"

"Ka kashe ni sau ɗaya yau a cikin sito. Kada ka ƙara." Ya dafa kafaɗarsa, hannun da zafi rau kamar na mai zazzaɓi. "Kai kaɗai ne za ka iya gyara abin nan. Ido ya gani ranar, ba a yarda da shi ba. Akwatinka suka yarda da shi. Ɗaga shi."

Inuwa ya dubi Ardo. Dattijon ya sunkuyar da kai, don ba a hana namiji fansar sunansa. Ya dubi Halima, ta haɗe hannu a ƙirji tana motsa baki. Ya nemi Inna Furera. Tana can bayan taro, ta juya wa filin baya, kamar tana gyara faifan ƙwarya.

"Ɗaga shi, ɗan'uwa."

Ya ɗaga.

Ya murɗa mariƙin har ya ƙure, ya kafa ido a 'yar tagar leƙen hoto, ya danna maɓalli. Akwatin ya kama ƙara, ƙirrrr, yadda yake yi ko da fim ko babu. Taro ya ɗauki sowa.

"Ashe yana aiki!"

Kalangu ya dawo. Ta cikin 'yar tagar Inuwa yana ganin Buba ƙarami, hannu a sama, madubi a gaban fuska. Hamidu ya zagaya sau ɗaya. Ya zagaya sau biyu. Ya auna wurin da bakin tsumagiya, daidai kan kumburin. Ya ja baya, ya tashi a kan yatsun ƙafa.

Tsau!

Jama'a, Buba bai ƙifta ba. Wallahi ko gashin ido. Hannu na sama, madubi bai girgiza ba, murmushin na nan. Ya tsaya haka ana kirari, ya ƙara tsayawa, don kada a ce hoton bai yi tsawo ba. Samari suka yi ta tsalle, Halima ta saki guɗa. Hamidu da kansa ya jefar da tsumagiya ya ɗaga masa hannu.

Inuwa ne ya fara gani, saboda shi ke kallon fuskar kurkusa. Wani jan abu a gefen murmushin. Ya taru, ya gangaro haɓa, ya ɗiga a ƙirji. Wani ya biyo shi, mai kumfa.

"BUBA!"

Muryar mace ce daga bayan taro. Ƙwarya ta faɗi ta fashe. Makaɗa suka tsaya cak, domin duk wanda ke wurin ya san muryar, kuma ba wanda ya taɓa jin sunan nan a cikinta.

Buba bai waiwaya ba. Ya sauke madubin a hankali, ya tako ɗaya, ya tako biyu, idonsa a kan gilashin akwatin. Gwiwarsa ta dama ta lanƙwashe, ya durƙusa a kanta.

Yatsan Inuwa na kan maɓalli har yanzu. Akwatin wofi yana ta ƙirrrr.

"Inuwa..." Jini ya cika masa baki, ya haɗiye, ya sake murmushi. "Ban motsa ba ko?"

"Ba ka motsa ba."

"A haska musu... a bangon nan."

Ya miƙo hannu ya kama gefen rigar Inuwa, ya ɗago kai yana neman idonsa.

"Ka ɗauka ko, ɗan'uwa? Ka ɗauka duka?"